Kurkumin: cokali nawa na kurkum ne zai kai ƙwaya guda?

Maman Ilham
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masana magunguna ce. Ana ta yaɗa cewa kurkum yana maganin kumburi, ciwon gwiwa, suga, har da daji. Ga kuma ƙwayoyin nan da ake rubuta wa kurkumin miligiram 500 a jikin kwalba. Garin kurkum da ƙwayar abu ɗaya ne? In ɗaya ne, cokali nawa zai kai ƙwaya guda?

Abu Hafsat
Wa alaikumus salam Hajiya. Akwai tazara mai yawa tsakaninsu. Kurkum, wanda wasu ke kira gangamau, saiwa ce 'yar uwar citta, sunanta na kimiyya Curcuma longa. Kurkumin kuwa sinadari ne guda a cikinta, shi ke ba ta launin ɗorawa. A busasshen gari bai cika wuce kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari ba. Sauran yawanci sitaci ne, da ɗan mai mai ƙamshi, da dusa.

Mu ɗauki kashi 3. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kusan giram 3 na gari, kin ga miligiram 90 ke nan. Ƙwayar miligiram 500 da aka tace ta kai kashi 95 tana da kusan 475, wato cokali biyar da ɗoriya. Gwaje-gwajen ciwon gwiwa kuma sukan ba da miligiram 1,000 zuwa 1,500 a rana. In da gari za a cike 1,500, sai an sha giram 50, kusan cokali 17 kullum. Duk sakamakon da kika ji an samu da tataccen sinadari, ba a kan garin da ake barbaɗawa a girki aka same shi ba.

Wani abu kuma, abin da ke cikin ƙwayar ma gauraye ne na 'yan uwa uku: kurkumin kansa kusan kashi uku cikin huɗu, sai wasu biyu masu kama da shi da suka raba ragowar.

Abu Zarra
Malam ya yi lissafin abin da ke shiga baki. Ba a nan gizo ke saƙa ba, a hanji yake yinta. Kurkumin ba ya narkewa a ruwa, sai a mai ko giyar ɗakin gwaji. Abin da bai narke ba hanji ba ya tsotsa, bahaya yake bi ya fita. Ɗan abin da ya ratsa kuma, bangon hanji da hanta suna liƙa masa wani gutsure mai kama da suga ko salfet nan take, ya koma abin da jiki zai zubar ta madaciya da fitsari.

An auna wannan a jikin mutane. A Taiwan a 2001 an ba marasa lafiya har giram 8 a rana tsawon wata uku, ƙololuwar abin da aka gani a jini bai kai maikuromola 2 ba (maikuromola ma'aunin yawan sinadari ne a cikin jini ko ruwa). A Amurka a 2006 an ba mutum 24, kowa ya sha sau ɗaya, daga rabin giram har giram 12, ba a ga kurkumin a jinin kowa ba sai mutum biyu, ɗaya a giram 10 ɗaya a 12, shi ma ɗan kaɗan. Binciken da ake yi a farantin ɗakin gwaji da ƙwayoyin halittar cutar daji kuwa yawanci maikuromola 10, 20, har 50 ake zuba musu kai tsaye. Shi ya sa labarin faranti yake da daɗi, in an zo kan mutum sai a ji shiru.

Baban Sadiq
Malam Abu Zarra, ka tsallake masoro. Ai tun 1998 aka nuna a Bangalore ta Indiya cewa in aka haɗa giram 2 na kurkumin da miligiram 20 na fiferin, sinadarin baƙin masoro, shigarsa jini tana ƙaruwa da kashi 2,000 cikin ɗari. Matsalar da kake faɗi an daɗe da warware ta.

Abu Zarra
Binciken gaskiya ne Yallaɓai, amma duba yadda adadin ya samu. Kashi 2,000 ninki 20 ke nan. Ninki 20 na me? Waɗanda suka sha kurkumin zalla, abin da ke jininsu ko dai na'ura ba ta gan shi ba, ko ta gan shi da ƙyar. In ka ninka abin da ya kusa sifili sau 20 har yanzu ƙarami ne. Hauhawar ma tsakanin minti 15 ne zuwa awa ɗaya, daga nan ta sauka. Mutanen kuma 'yan ƙalilan ne, sau ɗaya tak kuma suka sha.

Akwai wata dabara da ya kamata mai karanta talla ya sani. Kamfanonin da ke cewa nasu ya fi shiga jini sau 29 ko sau 185, da yawa kafin su auna jinin sai su zuba masa wani enzayim, wato sinadari mai sarrafa wasu sinadarai, da ke cire gutsuren nan da hanta ta liƙa. Sai na'ura ta ƙirga wanda jiki ya riga ya ɗaure tare da sakakke, a kira duka kurkumin. Tambayar da za a yi wa kowane irin adadi ita ce: sakakke aka auna, ko jimla bayan an kwance?

Baban Sadiq
To, na ji. Amma kana magana kamar ɗaurarren ba shi da wani amfani. Wa ya tabbatar? A wurin da ke da kumburi akwai enzayim ɗin da kan iya kwance shi a cikin jiki. Ka kuma san rushewar da ake yawan ambata, cewa kashi 90 yana lalacewa cikin minti 30, a ruwan gishirin ɗakin gwaji ne mai pH 7.2, wato marar tsami, a zafin jiki. Wannan binciken na 1997 shi da kansa ya nuna a cikin jini ya fi daɗewa, don furotin yana riƙe shi.

Abu Zarra
Wannan ka yi gaskiya, a jini ya fi jimiri. Batun kwancewa a wurin kumburi kuma hasashe ne mai ma'ana, an ga alamarsa a dabbobi. Sai dai hasashe yake har yanzu, ba hujjar sayar wa mutane ƙwaya ba.

Rashin tsayuwarsa kowa zai iya gani da idonsa. Ku ɗiga ruwan kurkum a farin ƙyalle, ku goga sabulu a wurin: nan take ɗorawar za ta koma ja kamar jini, don sabulu yana da kaifin alkali. Ku matsa lemun tsami, ta dawo ɗorawa. Ku shanya a rana na wasu awoyi, tabon ya kusa ɓacewa. Sinadarin da ke canza launi haka, yake ƙyalli a ƙarƙashin fitilar na'ura, yake kama ƙarfe, yake dunƙulewa ya manne wa furotin iri-iri, yakan ruɗi na'urorin gwaji su nuna yana aiki a kan kusan komai. Abin da masana haɗa magunguna suka rubuta ke nan a wani dogon nazari a 2017, bayan sun duba gwaje-gwaje fiye da 120 da aka yi a kan mutane. Ga kuma wata ɓarna ta daban: Bharat Aggarwal, tsohon mai bincike a cibiyar daji ta MD Anderson a Amurka, wanda ya fi kowa tallata kurkumin a fagen bincike, mujallu sun janye takardunsa fiye da 20 saboda matsalar hotuna da bayanai. Har yau ana kafa hujja da su a intanet.

Dakta Ummu Yasir
Ku bar ni in shigo ta ɓangaren marasa lafiya, don kada Maman Ilham ta tashi da cewa duk shirme ne. Ba haka ba ne, sai dai a rarrabe cuta da cuta.

Inda na fi ganin hujja shi ne gyambon babban hanji mai kumburi. A Japan a 2006 an ɗauki mutum 89 da cutar ta lafa musu, duka suna kan maganinsu na asali, mesalamin ko salfasalazin. Rabi aka ƙara musu giram 2 na kurkumin a rana, rabi ƙwayar holoƙo wadda ba komai a ciki. Bayan wata shida cutar ta tashi wa 2 cikin 43 a masu kurkumin, 8 cikin 39 a masu holoƙo. A 2015 wani gwajin na mutum 50 ya ba da giram 3 a rana tare da mesalamin na wata ɗaya, fiye da rabin masu kurkumin cutar ta lafa musu, masu holoƙo ko ɗaya. Ku lura da dalili: a nan ba a buƙatar ya shiga jini. Abin da Malam Abu Zarra ya ce yana wucewa ta hanji bai tsotsu ba, shi ne yake gogar bangon da ke ciwon. Amma fa ƙari ne a kan magani, a waɗannan gwaje-gwajen ba a gwada shi a madadin magani ba.

Ciwon gwiwa na zaizayewar guringuntsi, sakamakon matsakaici ne. A Tailan a 2014 an kwatanta miligiram 1,500 na tataccen kurkum da miligiram 1,200 na ibufurofen a mutum 367 na sati huɗu, aka ga sauƙin ya yi kusan daidai, masu kurkum kuma sun fi ƙarancin ciwon ciki. Raunin gwajin shi ne babu rukunin holoƙo, ciwon gwiwa kuwa yana daga cikin waɗanda imani da magani kaɗai ke rage su sosai. A Tasmaniya ta Ostareliya a 2020 an yi da holoƙo, mutum 70, miligiram 1,000 a rana, sati 12. A ma'aunin zafi na sifili zuwa 100, bambancin ya kai kusan maki 9. Hoton MRI kuwa bai nuna ruwan gwiwar ko kumburin ya ragu ba. Sauƙi ne ɗan kaɗan, guringuntsin bai dawo ba.

Inda aka gwada bai yi ba: cutar mantuwa ta tsufa, giram 2 ko 4 na sati 24, babu bambanci. Masu gadon tsirarrun hanji da kan rikiɗe daji, giram 3 a rana shekara guda, tsirarrun ba su ragu ba. Maganar daji dai, babu wani gwaji da ya nuna yana warkar da shi a jikin ɗan Adam.

Baban Sadiq
Dakta, suga fa? Na san akwai na Tailan na 2012: mutum 240 da ke bakin kamuwa, wata tara. Kashi 16.4 na masu holoƙo suka kamu, masu kurkumin babu ko mutum ɗaya.

Dakta Ummu Yasir
Akwai shi, adadin ma haka yake. Kyawunsa ne ke sa ni ɗari-ɗari. Maganin suga metfomin, a babban gwajin rigakafi na Amurka mai mutum sama da 3,000, ya rage kamuwa da kashi 31 ne, rage ƙiba da motsa jiki kuma kashi 58. Sai a ce ƙwayar da ba ta ko shiga jini sosai ta yi ɗari bisa ɗari, a cibiya ɗaya? Irin wannan sai an maimaita shi a wasu wurare da mutane masu yawa kafin a ɗora magani a kai. Mai suga ya ci gaba da maganinsa.

Abu Hafsat
Zan koma kan masoro, don a nan hatsarin yake, ba a kuma cika faɗinsa ba. Yadda fiferin ke ƙara kurkumin a jini shi ne ta hanyar danne enzayim ɗin hanji da hanta masu sarrafa baƙin abu, da kuma famfon da ke mayar da magani cikin hanji. To waɗannan ƙofofin ba na kurkumin kaɗai ba ne. An nuna fiferin yana ɗaga fenitoyin da kabamazefin na farfaɗiya, da furofuranolol na hawan jini, da tiyofilin na asma. Yawancinsu magunguna ne da ɗan ƙari kaɗan ke mayar da su guba. Garin neman shigar da kurkumin sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Mai shan wafarin, maganin hana jini daskarewa, kada ya kusanci ƙwayar sai da sanin likitansa. Hukumar magunguna ta Niyu Zilan ta yi gargaɗi a 2018 bayan wani mai wafarin da awon INR ɗinsa, wato awon jinkirin daskarewar jini, ke zaune lafiya ya fara shan haɗin kurkum, cikin 'yan makonni ya haura 10. Yawancin masu wafarin ana son su tsaya tsakanin 2 da 3. Haka mai asfirin ko kulofidogirel, su ma masu hana jini daskarewa, da wanda aka yi wa dashen ƙoda yake shan takrolimus. Mai jiran tiyata ya daina sati biyu kafin ranar.

Ga kuma ma'auni. Kwamitin haɗin gwiwa na hukumar lafiya ta duniya da ta abinci ya sa iyakar da za a iya ci kullum a miligiram 3 kan kowane kilo na nauyin jiki, hukumar abinci ta Turai ta amince da haka a 2010. Mai kilo 60, miligiram 180 ke nan. Cokali ɗaya ko biyu a girki yana ciki. Ƙwaya guda ta 500 ta ninka shi kusan uku, kuma an yi wannan iyakar ne da kurkumin na asali mai wuyar tsotsuwa, ba wanda aka gyara don ya ratsa ba.

Maman Ilham
Subhanallah. To maganar hanta da na gani wasu na yi fa, gaskiya ce? Ni na zaci gyara hanta yake yi.

Dakta Ummu Yasir
Gaskiya ce Hajiya, ko da yake ba ta da yawa. A Italiya a 2019 an samu fiye da mutum 20 da kumburin hanta wanda aka danganta da ƙwayoyin kurkum, har gwamnati ta tilasta rubuta gargaɗi a jikin kwalba. Cibiyar da ke bin diddigin illar magunguna ga hanta a Amurka ta bayyana mutum 10 a 2022: biyar an kwantar, ɗaya ya rasu. Bakwai daga cikin goman suna ɗauke da wani nau'in ƙwayar gado mai suna HLA-B*35:01, abin da ke nuna garkuwar jikinsu ce ta afka wa hantar. Shi ya sa dubu za su sha lafiya, ɗaya ya kwanta, kuma ba a gane shi a fuska. Hukumar magunguna ta Ostareliya ma ta fitar da nata gargaɗin a 2023. Duk waɗannan a ƙwayoyi ne, ba a girki ba.

Yawanci ciwon hantar yakan bayyana tsakanin wata ɗaya zuwa huɗu da farawa. Fitsari ya yi duhu kamar shayi, farin ido ya koma ɗorawa, ƙaiƙayin jiki babu ƙuraje, tashin zuciya, kasala, bahaya ya yi fari-fari. Wanda ya ga haka ya ajiye ƙwayar a ranar, ya je a yi masa awon hanta na jini, wato ALT, AST, ALP da bilirubin, ya tafi da kwalbar a hannunsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne likita ya tambaya wane magani kake sha, a ce babu, don ba a ɗauki na ganye a matsayin magani ba. Sai a yi ta gwajin cutar hanta ta B da C ana lalube a duhu. In an warke kuma kada a sake gwadawa, karo na biyu yakan fi sauri ya fi tsanani.

Sauran masu kiyayewa: mai tsakuwar madaciya, don miligiram 20 zuwa 40 kacal sun isa su sa madaciya ta matse, tsakuwa ta toshe bututu. Mai tsakuwar ƙoda, shi garin ne matsalarsa, yana da oksalet da yawa mai narkewa, sinadarin da ke haɗa tsakuwar. Mai ƙarancin jini, don kurkumin yana kama ƙarfen abinci. Mai ciki da mai shayarwa su tsaya a abin da ke cikin girki. Allurarsa ta jijiya kuwa ko kusa, a 2017 wata mata ta rasu a Kalifoniya bayan an ɗura mata.

Abu Zarra
Saura abu ɗaya, shi garin ma ba kullum yake da tsabta ba. Masu bincike daga jami'ar Stanford da cibiyar icddr,b ta Dhaka sun gano a 2019 cewa a Bangaladash wasu masu goge busasshiyar saiwa suna zuba mata fentin dalma mai launin ɗorawa don ta yi kyau a idon mai saye. Dalma ba ta da adadin da ba ya cutarwa, musamman ga ƙwaƙwalwar yaro. Bayan an matsa lamba abin ya ragu ƙwarai a can, amma an ga irinsa a wasu ƙasashen yankin.

Busasshiyar saiwa ta asali bayanta dusu-dusu ne, ruwan ƙasa, sai an karya ake ganin launi mai kauri a ciki. In bayan yana sheƙi kamar an shafa masa fenti yana kuma barin gari a tafin hannu, da walakin. Gwajin zuba gari a kofin ruwa da ake yaɗawa ba ya tabbatar da komai game da dalma, sai na'urar XRF mai gano ƙarafa ko ɗakin gwaji. Gwajin aidin don gano sitaci ma ba ya aiki, tunda kurkum da kansa cike yake da sitaci, zai yi baƙi ko an gauraya ko ba a gauraya ba. Mafi sauƙi a sayi ɗanyar saiwa ko busasshiya da ba a goge ba, a niƙa, a adana a kwalba mai duhu nesa da rana.

Baban Sadiq
Na sauko daga kan kashi 2,000, amma ban sauko daga kan gwiwa ba. Dattijon da ibufurofen ke ƙona wa ciki ko yake taɓa masa ƙoda, maki 9 ba abin rainawa ba ne a wurinsa. Dakta, in irin wannan ya nace zai gwada, ya za a yi ya gwada da hankali?

Dakta Ummu Yasir
Ban ƙi ba Yallaɓai. Ya fara kai duk magungunansa wurin likita ko mai harhaɗa magani a duba, har da na ganye. In babu wafarin da 'yan uwansa, babu ciwon hanta, babu tsakuwa, sai a auna hanta kafin ya fara. Ya zaɓi wanda ba a sa wa fiferin ba, wanda aka rubuta adadin kurkumin ɗinsa a fili, ba wanda aka ce haɗin sirri ba. Miligiram 500 sau biyu a rana tare da abinci mai ɗan maiƙo, kada ya haɗa da wani sabon abu a lokacin, don a san wanne ya yi aiki ko wanne ya yi ɓarna. Ranar farko ya rubuta zafin gwiwar daga sifili zuwa 10, da yawan matakalar da yake hawa kafin ya tsaya, ya riƙa rubutawa duk mako. A sake awon hanta wajen sati shida zuwa takwas. In an kai sati 12 lambar ba ta motsa ba, ya daina, kada ya ninka.

Maman Ilham
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Tambaya ta ƙarshe: dafa shi yana kashe kurkumin ɗin?

Abu Zarra
Amin Hajiya. Yana rage shi. Doguwar tafasa a ruwa, musamman a tukunyar matsi, tana cin wani kaso mai yawa, in kuma akwai soda a girkin ya fi saurin lalacewa, za ki ga launin ya koma ja-ja. Abu mai tsami yana kare shi. A ɗan motsa shi cikin mai a wuta marar ƙarfi kamar rabin minti, ya narke ya bazu, kada a bari ya ƙone ya yi ɗaci.